Tutar da Za a Hango Daga Haesil

Duk wanda ya yi aiki a makarantar firamaren Dolmae ya san babu abin da Mataimakin Hedimasta Tak Man-bok bai iya ba. Ba sai ka tambayi kowa ba, shi da kansa zai gaya maka kafin shayinka ya huce. Ya iya gyaran famfo, shi ya sa muka yi wata biyu muna ɗebo ruwa daga zauren tsofaffin ƙauye. Ya iya sassaben bishiya, shi ya sa 'yan aji biyar ke da sabuwar taga. Amma abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne fenti. A cewarsa, lokacin da yake aikin soja a bakin iyaka, shi ya rubuta wani allo a kan tsauni wanda har sojojin ƙasar Arewa, abokan gabarmu, ke karantawa daga tsallake, kuma wani janar ya gani ya share hawaye.

Goggo Bong, mai dafa wa yara abinci, ta taɓa tambayarsa, "Hawayen me? Na warin fenti?"

Ni ce Malama Pyo, mai koyar da 'yan aji biyu da uku, su tara a ɗaki ɗaya. Duk makarantar yara ashirin da bakwai ne. A watan Satumba takarda ta zo daga ofishin ilimi na gunduma, cewa tsakanin makarantarmu da ta Haesil, ƙauyen da ke tsallaken rafi, mai yara ashirin da tara, dole ɗaya ta haɗiye ɗaya. Za a turo sufeto ranar wasannin makaranta, ta yi safiya a wurinmu, ta yi yamma a wurinsu, ta ga wane ƙauye ne ke tsaye bayan makarantarsa. Aka kuma ce a baje zanen yara a kan taken "Ƙasata".

Kowa ya san abin da rufe makaranta ke nufi. Yara za su riƙa shiga bas suna zagayawa ta babbar gada, tafiyar minti arba'in, kuma 'yan iyalan da suka rage mana masu ƙananan yara za su bi sauran zuwa birni. Hedimastarmu kuwa tana kwance a asibiti an yi mata aiki a gwiwa. Makaranta ta faɗa hannun Mataimaki, shi kuma ya karanta takardar sau biyu, ya shafa gashin nan guda uku da yake kwantarwa a kan sanƙonsa, ya ce ranar da yake jira ce ta zo.

Na raba wa yarana takarda da fensirin kala. Washegari Mataimaki ya shigo dubawa, hannu a baya. Ya tsaya kan Dong-u.

"Mene ne wannan?"

"Kakata ce tana zagin direban bas."

"To ina ƙasar?"

"Ga ta nan a ƙarƙashin ƙafarta, Malam."

Ya wuce wurin Ha-rin, wadda mahaifiyarta 'yar Vietnam ce. Ta zana gida da tutoci biyu a ƙofa.

"Tuta ɗaya ake so, yarinya."

"Wacce zan goge, ta Mama ko ta Baba?"

Ya yi gyaran murya ya ƙara gaba. Seul-gi ta zana wani mutum yana barci a kan tebur ƙarƙashin tuta, baki buɗe, da gashi guda uku a ka.

"Wannan fa wane ne?"

"Ba kowa ba ne, Malam."

A bakin ƙofa ya kira ni gefe. "Malama Pyo, da wannan za mu tari sufeto? Tsohuwa mai zagi da mai barci? Yara ba su san kishin ƙasa ba sai an riƙe musu hannu. Tattara su ki sa a durowa."

"Ranka ya daɗe, abin da aka nema ke nan, zanen yara."

"Za a samu zanen yara. Irin wanda gunduma ba ta taɓa gani ba."

Da yammacin ranar muka ji shi a lasifikar ƙauye, wadda ake sanar da rabon taki da rasuwa. Ya ce Dolmae za ta yi tutar ƙasa mafi girma a faɗin gunduma, mita tara a tsaye, shida a kwance, kuma da tafin hannun yara za a cika ta. Za a sako ta daga saman benen makaranta.

"Za a hango ta daga Haesil," in ji shi. "Idan sun gani, da kansu za su kulle makarantarsu su kawo mana makullin."

Yadi mai wannan girma babu shi, sai ya lallaɓi mahaifin Dong-u ya ba shi farar ledar rumfar tumatirinsa. Muka shimfiɗa ta a filin wasa. Tutar ƙasarmu fara ce, da da'ira a tsakiya, rabinta na sama ja, na ƙasa shuɗi, da baƙaƙen sanduna a kusurwa huɗu. Na kawo igiya da turke don a zana da'irar tsakiya, ya ture su da ƙafa. Igiya ta marasa ido ce, in ji shi. Ya ɗauki buroshi ya zagaya da baya da baya har ya dawo inda ya fara, ko dai kusa da inda ya fara.

Yara suka tsaya suna kallo. Seul-gi ta ce, "Dankali ne."

Ya gyara gefen hagu, dama ya lotsa. Ya gyara dama, sama ya yi tsini. Kafin a tashi, dankalin ya zama kabewa, kabewar ta kusa cinye kusurwoyi. Daga ƙarshe da ya tafi amsa waya, ni da malamin 'yan aji shida muka kafa turken muka zagaya. Da ya dawo ya duba ya ce, "Kun gani? Ido."

Muka fara da fentin ruwa na yara. Suka tsoma hannu suka danna, suna ta murna, ja a sama, shuɗi a ƙasa. Da ma na gaya masa ba ya kama leda. Da safe raɓa ta wanke komai, ja da shuɗi suka gangara suka haɗu a wani lotse, suka zama kalar ruwan wanke-wanke. Mataimaki ya tsaya a kai ya ce dama gwaji ne. Ya buɗe sito ya fito da gwangwanayen fentin mai, ragowar wanda aka shafa wa rufin ɗakin kekuna.

Nan na tsaya masa. "Ba yaron da zai sa hannu a wannan sai da safar roba."

"Malama Pyo, mu a soja da wannan muke wanke hannu."

"To yarana ba soja ba ne."

Ya je kicin ya kwaso duk safar robar Goggo Bong, ya ƙara da na zauren tsofaffi. Ba a yi minti goma ba sai ga ta da ludayi.

"Mataimaki, da me zan cuɗa kimchi, kabejin da ke cike da barkono? Da haƙorana?"

"Goggo, sadaukarwa ce ga ƙasa."

"Ƙasar ce za ta ci abinci ƙarfe goma sha biyu ko yaran?"

Safar ta manya ce, don haka duk tafin da yaro ya danna sai ya fito kamar na ƙaton manomi. Mataimaki ya ga aikin ba ya sauri, ya ce a matsa ya nuna yadda ake yi. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma dama cikin ja, hagu cikin shuɗi, ba safa ba komai, ya yi ta dannawa yana ƙirga da ƙarfi irin na fareti. Rana ta yi zafi. Ya share goshi da dama. Sauro ya sauka masa a haɓa, ya mare shi da hagu.

An gwada sabulu, an gwada toka, an gwada man girki, Goggo Bong ma ta kawo soson ƙarfe cikin farin ciki. Kananzir ya rage fentin kaɗan, ya bar masa ƙuraje. Mako guda yana yawo goshi ja, haɓa shuɗiya. Tsofaffin da ke zama gindin bishiyar bakin hanya sukan miƙe tsaye idan ya zo wucewa, su dafa ƙirji.

"Ga tuta nan tafe. A cire hula."

Shi kuwa sai ya ɗaga musu hannu, don a ganinsa girmamawa ce.

Saura baƙaƙen sandunan nan na kusurwa huɗu. Na ɗauko littafin 'yan aji ɗaya don a duba, ya ce cin fuska ne a nuna wa tsohon soja tuta a littafi. Ya zana huɗu a kowace kusurwa. Yana kan ta ƙarshe Tsoho Maeng ya iso da sandarsa. Tsoho Maeng shekararsa tamanin da tara, ya je yaƙi yana ɗan sha bakwai, kuma a makarantar nan ya yi karatu, haka 'ya'yansa, haka jikokinsa. Ya zagaya ledar a hankali.

"Tak, tutar wace ƙasa ce wannan?"

"Tamu ce mana, Baba."

"Uku, huɗu, biyar, shida. Haka sandunan suke. 'Yar jikata da ke fitsarin kwance ta sani."

"Baba, na daidaita su ne don kada wata kusurwa ta fi wata."

"Na ɗauki tutar nan a kafaɗa tun uwarka ba ta san hanyar gidan ubanka ba. Goge."

Aka bi da farin fenti aka rufe. Lokaci ya ƙure, baƙin fenti kuma ya ƙare, sai Mataimaki ya kawo dabara: a yanka baƙar ledar da ake rufe kunyar barkono da ita, a liƙa da kunun shinkafa. Tsoho Maeng ya zauna a kujera yana nuni da sanda, yara suna yanka suna liƙawa. Wannan yinin ne kaɗai aikin ya tafi daidai, kuma shi ne yinin da Mataimaki ya yi ta bin bayansu yana cewa, "Haka nan, haka na ce."

Filin wasanmu kuwa, tun kafin a haife ni, nan matan ƙauye ke shanya barkono da kaka. Da ya cinye musu tsakiya sai suka shanya a gefe. Ranar Laraba iska ta kaɗa da rana tsaka. Da muka fito daga aji, rabin barkonon kakar Ha-rin ya koma kan tuta ya zauna cikin jan fenti, da ƙaiƙayin shinkafa, da gashin kaza. Farin karen mahaifin Dong-u ya ratsa ta tsakiya ya fito da jan ciki. Mata bakwai suka tsugunna suna tsince barkononsu ɗaya-ɗaya.

"Malam Mataimaki," in ji kakar Ha-rin, tana ɗaga wani barkono mai ɗigar fenti, "wa zai ci wannan?"

"Kaka, ai ja ne a kan ja. Ko ba a tsince ba, ba wanda zai lura."

"To zan daka maka shi daban. Kai ma ba za ka lura ba."

Shuɗin ya riga ya bushe tun Litinin, amma jan ya zama rami-rami, ga sawun kare. Ranar Juma'a da safe Mataimaki ya juye duk ragowar jan fentin a kan rabin sama, ya baza shi da tsintsiya, kauri kamar kunu. Da la'asar aka ga wata farar mota ta tsaya a bakin hanya. Mai sayar da busasshen kifi ne, kowa ya san shi, amma Mataimaki ya ce ɗan leƙen asirin Haesil ne.

"A ninke ta yanzun nan."

"Ranka ya daɗe, ba ta bushe ba," na ce.

Ya taɓa bakin da'irar da ɗan yatsa, can inda fentin ya fi siriri, ya nuna mini. "Ƙayau. Malama Pyo, ke alli kika sani, ni fenti na sani."

Ya ninke ta biyu, sama a kan ƙasa, ya sake ninkewa, ya naɗe. Don kada iska ta taɓa ta, ya sa aka jera buhunan shinkafa shida a kanta. Goggo Bong ta ce gwiwarta na gaya mata gobe za a yi iska, rediyo ma ya ce wutsiyar guguwar teku za ta ratso. Mataimaki ya ce tuta ai iska take so.

Ranar Asabar kowa ya fito. Har waɗanda ba su da ɗa ko jika a makarantar sun zo da tabarmi da kulolin kimbap, wato naɗin shinkafa, da dafaffen dankali. An kawo tsofaffi biyu a keken guragu, ɗaya a bayan 'yar tarakta. 'Ya'yan ƙauye da ke Seoul, babban birnin ƙasarmu, sun zo da motocinsu don a ga taro ya yi yawa. Sufeto ta iso ƙarfe tara da rabi, Madam Yeo, siririyar mace cikin farin kwat, da ɗan littafi a hannu. Aka zaunar da ita a rumfar gaba, daf da bango, inda Mataimaki ya ce nan za ta fi gani.

Shi yana can saman bene da abin magana a hannu, goshi da sauran ja. An ɗaure kusurwoyin sama a jikin shingen ƙarfen saman bene, na ƙasa kuma an sa musu dogayen igiyoyi da za a ja a ɗaure a turaku. Ya yi jawabi na minti ashirin, ya ambaci janar sau uku. Sannan ya ba da alama. Aka saki taken ƙasa a lasifika, mutane suka miƙe, hannu a ƙirji. Tsoho Maeng, cikin hularsa ta tsofaffin soja, ya ƙame ya sara.

Mataimaki ya tura naɗin. Ya sauko rabi ya tsaya, ninkin ya ƙi buɗewa. Ya girgiza. Ya leƙo da ƙafa ya shura. Ya yi wa mahaifin Dong-u ihu ya ja igiyar ƙasa. Aka ja, sai muka ji wata doguwar ƙara kamar ana yaga buhu, leda ta warware har ƙasa.

Kunun shinkafa bai jure wannan girgizar ba. Baƙaƙen sandunan suka ɓaɓɓalle, suka yi ta saukowa ɗaya bayan ɗaya, iska na wasa da su. Shuɗin kuwa babu shi. Jan fentin da aka ninke a kansa, aka danne da buhu shida tun jiya, ya malale ya rufe shi kaf. Abin da ke rataye a jikin makarantarmu, mita tara a shida, farin ƙyalle ne da ƙatuwar jar da'ira a tsakiya. Tutar Japan, wadda ta mulke mu shekara talatin da biyar.

Muryoyi suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka bar lasifika ita kaɗai. Tsoho Maeng ya sauke hannunsa a hankali.

"Ina ɗan sha biyu aka daina sa ni sunkuya wa wannan abin," ya ce. "A filin nan."

Mataimaki daga sama ba ya ganin fuskar tutar. Shirun kawai ya ji, ya kuma fassara shi yadda ya saba.

"Na ga bakinku ya mutu," ya ce ta abin magana. "Ni ma haka janar ya yi. Ku kalla da kyau. Wannan ita ce zuciyar Dolmae. Wannan muka koya wa 'ya'yanku. Madam Sufeto, a rubuta, da hannuna na yi ta, ba wanda ya taya ni da shawara."

Madam Yeo ta rubuta.

Goggo Bong ce ta fito tsakiyar fili ta haɗa tafukanta a baki. "Tak Man-bok, leƙo ka ga zuciyar taka."

Ya leƙo. Ya daɗe a leƙe. Sai muka ga ya zaro 'yar wuƙar fiƙe fensir ya hau yanke igiyoyin sama. Ya yanke ɗaya, leda ta karkace. Ya yanke ɗayar, ya ruga ya sauko ta matakala don ya tattare ta kafin wani ya ɗauki hoto, alhali an riga an ɗaga waya arba'in sama. Ya fito daidai lokacin da gwiwar Goggo Bong ta cika maganarta. Iska ta shiga ƙarƙashin ledar ta kumbura ta. Mahaifin Dong-u, mutum mai hankali, ya saki igiyarsa. Mataimaki ya cafke ta ya naɗa a hannu.

"Na riƙe ta, kowa ya kwantar da hankalinsa."

Da farko ledar ta yi gaisuwa a rumfar gaba. Ɓangaren ɗanyen fentin ya shafi Madam Yeo tun daga kafaɗa har gwiwa, ya kifar da rumfar, sannan ya tashi. Mataimaki ya bi da gudu, daga gudu ya koma tsalle, daga tsalle ya koma jan ciki. Ya ratsa ta tabarmar gidan su Seul-gi ya fito da kimbap a aljihu. Ya ratsa ta tukunyar miyar da aka dafa wa tsofaffi. Yara ashirin da bakwai suka bi shi a guje suna kiran sunansa kamar yadda aka koya musu yi wa 'yan tsere, farin kare mai jan ciki yana gabansu. A ƙarshen fili igiyar ta zame, ta ajiye shi a cikin magudanar gonar shinkafa, ƙafafu a sama.

Ledar kuwa ta yi sama. Muna kallo ta haye gonaki, ta juya sau biyu, ta tsallake rafi, ta je ta rataya a dogayen bishiyoyin ƙofar makarantar Haesil, jar da'irar na fuskantar filinsu, inda yaransu ke gwajin ganguna don tarbar sufeto. Muka ji gangunan sun tsaya. An hango ta daga Haesil.

Wanda ke kula da lasifika ya bi 'yan gudu, sai taken ƙasa ya ƙare ya sake farawa da kansa. Mutane suka tsaya cirko-cirko, ba su san inda za su fuskanta ba. Tsoho Maeng ya sa hannu a aljihun ciki na rigarsa, ya zaro wata 'yar tuta da ba ta fi hankici ba, ta tsufa har farinta ya koma ruwan madara. Ya warware ta, ya jingine sandarsa, ya ɗaga ta da hannu biyu. Ha-rin ce ta fara dawowa ta tsaya a gabansa ta dafa ƙirji, sauran suka biyo ta suna haki. Muka juya gaba ɗaya muka fuskanci tsohon. Ban taɓa jin an rera taken nan a Dolmae kamar ranar ba, kuma muka kai shi har baiti na huɗu, wanda yawancinmu mun ɗauka mun manta. Madam Yeo ta rera tare da mu, fenti na ɗiga daga gwiwar hannunta.

Muna gamawa Mataimaki ya iso, taɓo har kunne, takalmi ɗaya.

"Madam Sufeto, na tabbata kin lura ni na fara gano matsalar. Shi ya sa na tura wa Haesil ita."

"Na lura da abubuwa da yawa, Malam Tak," ta ce.

Goggo Bong ta ja ta kicin, ta fito da ita cikin wandon gona mai furanni da rigar sanyin kakar Ha-rin. A haka ta zauna ta ci abinci a tabarma, a haka aka jawo ta cikin ja-in-ja da igiya a ɓangaren tsofaffi, a haka kuma ta tafi Haesil da yamma, inda aka ce ta tarar da maza takwas a kan tsani suna zaginmu.

Ranar Litinin na raba wa yarana takarda ban ce musu komai ba. Su tara duka suka zana mutum ɗaya, a sama, riƙe da igiya. Mataimaki ya shigo ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai, ya ce yanzu ne suka fara fahimtar darasi. Ya nemi a ba shi uku.

Takardar gunduma ta zo a watan Disamba. An rubuta cewa jama'ar Dolmae sun nuna haɗin kai da natsuwa a cikin yanayi mai wuya, don haka ba za a rufe ajujuwanmu ba. Makarantar za ta zama reshen ta Haesil, yara su ci gaba da karatu a inda suke. Sai dai reshe ba ya da kujerar mataimakin hedimasta. An mayar da Malam Tak babbar makarantar, wato Haesil, daga farkon zango.

A walimar sallama ya miƙe da kofi a hannu ya ce ya san ba za mu iya faɗi ba saboda kunya, don haka zai faɗa mana: shi ya ceci makarantar nan. Muka kalli juna. Tsoho Maeng ya ce abin takaicin shi ne yaron bai yi ƙarya ba.

Mako biyu da fara zango, ƙawata Malama Gil da ke koyarwa a Haesil ta kira ni a waya lokacin hutun rana.

"Pyo, wannan mutumin naku. Ran da ya zo, hedimastanmu ya miƙa masa ledar nan a ninke, ya ce kayansa sun riga shi isowa."

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi da gangan ya aiko ta, don mu san irin wanda ke tafe. Yanzu kuma wai bangon ƙofarmu ya yi fari da yawa, ga bikin cika shekara tamanin na makaranta na zuwa."

"Gil, saurare ni da kyau. Je ki ɗauke makullin sito ki jefa a rafi."

Na ji ta buɗe taga. Ta cikin wayar ina jiyo wata murya da na sani, daga nesa, tana ƙirga da ƙarfi irin na fareti.

"Kin makara," ta ce. "Yana kan tsani."